Rahoton shekara ga mambobin ƙungiyar iyaye da malamai: inda aka kwana kan tarbiyyar yara a aji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Shugaba, Malam Hedimasta, Mai Unguwa, Malam Liman, iyayenmu maza da mata, da 'yan'uwa malamai, ga rahoton abin da kwamitinku ya yi a shekarar karatu ta 2024/2025. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai kawo nasa daban da rasit-rasit ɗinsa. Nawa bayanin aiki ne, kuma kusan dukkansa a kan abu ɗaya zai tsaya, tunda a kansa kuka ɗora mu a babban taron bara: halin yaranmu a cikin aji da filin makaranta.

Waɗanda suka halarta ba za su manta da taron ba. Maganar rufin da iska ta yaye ce ta tara mu, sai wata uwa ta miƙe ta ce ɗanta na aji 2 ya dawo mata da ashar ɗin da ko a tasha sai an tona kafin a ji irinsa. Malamai suka ce ai daga gida ake zuwa da shi. Iyaye suka ce lafiya lau suke turo 'ya'yansu. Aka yi ta jifan juna har aka kira la'asar, rufi ko oho. A nan aka ce kwamiti ya je ya gano da idonsa.

Abin da muka tarar

A zangon farko mun raba kanmu, kowa ya ɗauki aji ya zauna a baya, ba ya cewa uffan. Abu na farko da ya fito fili shi ne cunkoso. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, Jihar Kano ta ƙaddamar da nata shirin a 2019, yara kuwa sun zo, alhamdu lillahi. Amma manufar ilimi ta ƙasa malami ɗaya ta tanadar wa yara 35 a firamare, mu kuwa babu ajin da ya tsaya a nan. Gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, muna kuma sa ran rabonmu na azuzuwa da benci. Kafin rabon ya iso, dole a zauna da abin da ke ƙasa.

Da muka haɗa abin da kowa ya gani, sai ga shi yawancin rigima a wuri uku take tashi: kan benci, bakin famfo lokacin tara, da takardar monita.

Bari in daɗe kaɗan a kan takardar nan, don ni kaina na yi monita ina yaro, na san daɗinta. Malami zai fita, ya ce, “Monita, rubuta min masu surutu.” A aji 4 na ga yarinya ta matso a hankali ta ajiye wa monita awara biyu a gefen littafi, ya sa ƙasan fensir ya goge sunanta. Wani yaro kuma yana kwance a kan benci, zazzaɓi ne ma ke damunsa, ko tari bai yi ba, amma sunansa na nan har da “sau 3” a gabansa. Da na bincika, ashe jiya sun yi faɗa da monita a wajen ƙwallo. Malam ya dawo, ya karɓi takarda, ya zane waɗanda ke ciki. Ku duba abin da yara suka koya a wannan rabin awar: mai muƙami ana saye shi, ƙarya tana ci, gaskiya ba ta fid da kai. Mu kuma gobe mu tsaya a asambile muna yi musu wa'azin amana.

Abin da aka canza

An soke rubuta masu surutu a duk makarantar. A madadin monita ɗaya mai sarauta, an rarraba ayyukan aji suna zagayawa mako-mako: mai goge allo, mai raba littattafai, mai kula da butoci, mai rufe taga, mai jan layi zuwa famfo. Malamar aji 3 ta fara da ba yaron da ya fi kowa ƙiriniya aikin jan layi. Mun ɗauka ganganci ne. Sai ga shi wanda da shi ke ture mutane, yanzu shi ke cewa a bar ƙanana su fara sha.

Sai dokokin aji. Da can bangon kowane aji cike yake da “kada”: kada a yi kaza, kada a yi kaza, wasu ma da Turancin da yaran ba sa iya karantawa. An goge su. Kowane malami ya zauna da yaransa suka tsara kaɗan da Hausa, masu faɗin abin da za a yi: idan wani yana magana a saurara, mai son magana ya ɗaga hannu, kayan wani sai an nemi aro, wanda ya shigo ya yi sallama. Abin da ya fi rubutun muhimmanci shi ne gwadawa. Makon farko an fitar da yara waje, an ce a shigo a layi, aka yi turereniya, aka ce a koma a sake, har sai da ƙafa ta saba. Wani tsohon malaminmu ya ce shekara da shekaru yana maimaita wa yara jadawalin sau biyu ba ya gajiya, amma bai taɓa tunanin bin layi ma darasi ne da ake maimaitawa ba, ya ɗauka yaro da shi ake haihuwarsa.

Dukan tebur da bulala don a yi shiru shi ma an rage. Malami ya yi tafi sau biyu, yara su amsa sau uku, kowa ya kalli allo. A ƙananan azuzuwa abin ya karɓu sosai. 'Yan aji 6 kam suna ganin an mai da su jarirai, sai malaminsu ya koma ɗaga hannu kawai ya yi shiru har su lura.

Kan yabo, mun roƙi malamai su daina tsayawa a “yaron kirki”, su faɗi abin da ya yi: “Na ga ka matsa wa ɗan'uwanka ya samu wuri, Allah ya yi maka albarka.” Ta haka sauran ke gane abin da ake so. Amma mun yi tuntuɓe a nan. 'Yan matan aji 5 da 6, idan aka yabe su a gaban maza, sai su rufe fuska da hijabi, ƙawaye su yi ta tsokanarsu, gobe su ƙi ɗaga hannu. Kunya ce, kuma ba abin yaƙa ba ce. Yanzu malama kan rubuta yabon a ƙasan aikin yarinya, ko ta faɗa mata a hankali idan ta zo karɓar littafi.

Tabarmar sulhu

Wannan ne aikin da na fi so ku sani. An shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan ofis. Idan yara biyu suka yi faɗa, ba a tsayar da darasi. Ana raba su, a ce su haɗu a tabarma lokacin tara, kafin nan zuciya ta ɗan sauka. Malami ɗaya ko wata uwa daga cikin 'yan sa-kai ke zama da su. Kowa ya faɗi nasa ba a katse shi, sannan ɗayan ya maimaita abin da ya ji. Wannan maimaitawar ita ce mai wuya, don yaro yana jiran a gama ne ya rama, ba sauraro yake ba.

Na zauna a guda. Yaro ɗan aji 3 ya fasa wa yarinya robar ruwanta. Ya ce ita ta fara, ta kwaikwayi maganarsa, shi kuwa yana da in'ina. Hajiyar da ke zaune ta ce wa yarinyar, “'Yata, me kika ji ya ce?” Ta ce, “Wai na fasa masa...” Hajiya ta ce, “A'a, sake saurara.” Sai a karo na uku ta iya cewa, “Ya ce na yi masa dariya a gaban mutane, ya ji haushi.” Tana faɗa muryarta ta yi ƙasa. Ba a ce wa kowa “ba shi haƙuri” ba, don mun ga irin haƙurin da ake bayarwa da harara, ana fita ƙofa a ci gaba daga inda aka tsaya. Tambayar da ake yi ita ce, “To, yanzu me za ka yi ka gyara?” Shi ya ce zai riƙa ɗebo mata ruwa a tasa robar har Juma'a. Ita ta ce idan an yi masa dariya za ta ce a bari. Ko ta cika, Allah masani, amma shi na gan shi ranar Alhamis yana tafe da roba yana zumɓura baki, yana dai kai wa.

Maganar bulala

A nan ne aka fi kai ruwa rana, kuma ba zan ce muku an gama ba. Akwai malaman da ke ganin aji irin namu ba ya riƙuwa sai da ita. Akwai iyayen da ke kawo yaro har ofis su ce, “Malam, a zane min shi, ya gagare ni.” A zaman da muka yi, wani uba ya kawo hadisin da ya ce a umarci yara da salla suna shekara 7, a dake su a kanta suna 10. Malam Liman ya ce hadisin gaskiya ne, amma a lura da shekara ukun da ke tsakani, na koyarwa ne da haƙuri, salla biyar kullum, mu kuwa ɗan shekara 6 muke duka a ranar da ya fara zuwa. Ya tuna mana Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, hidima shekara 10, bai taɓa ce masa ko “tir” ba. Ya kuma karanto wasiyyar Luƙman ga ɗansa, inda yake hana shi karkatar da kunci ga mutane da ɗaga murya, yana kiransa da “ya ƙaramin ɗana”. Ta fuskar hukuma kuma, akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, Kano ma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2023.

Abin da aka iya cimma yarjejeniya a kai: yaro ba ya dukan yaro da sunan muƙami, ba a taɓa kai ko fuska, ba a sa kowa durƙuso a rana, ba a hukunta aji duka don laifin mutum ɗaya, kuma malami ba ya kiran yaro jaki ko daƙiƙi. Wannan na ƙarshen ya fi dukan wuyar bari, kuma ya fi shi daɗewa a jikin yaro, domin malami sau ɗaya zai faɗa, 'yan aji su riƙe masa sunan har ya gama makaranta.

An kuma daina dukan makara a bakin ƙofa. Da muka bi sawu, yawancin masu makarar 'yan mata ne da ke tallar koko da ƙosai da sassafe, da yaran da ke tasowa daga makarantar allo. Wadda ta san bulala na jiranta, sai ta ƙi zuwa gaba ɗaya. Yanzu ana rubuta suna, idan ya yawaita iyaye mata na kwamiti su shiga gidan su tattauna da uwar.

Inda muka gaza

Dogon hutun azumin 2025 ya koya mana darasi. Yara suka dawo bayan salla kamar ba a taɓa gwada musu layi ba, wasu malaman ma takardar monita ta dawo ta bayan gida. Sai da aka sake sabon lale. Don haka muna ba da shawarar makon farko na kowane zango ya zama na maimaita waɗannan abubuwa, ba sai farkon shekara kaɗai ba.

Akwatin tsintuwa da aka ajiye a ofis ya yi aiki a kan biro, hula da takalmi wari ɗaya. Kuɗin tara kam har yau ba wanda ya tsinta.

A zango na uku mun so a riƙa amfani da tatsuniya da wasanni ranar Juma'a: a ba da labarin Gizo a tambayi yara me ya kamata Ƙoƙi ta yi, a yi langa da carafke da 'yar gala-gala don koyon jiran layi da shan kaye ba kuka. An yi 'yan makonni, jarrabawa ta taho, aka watsar. 'Yan sa-kan tabarma ma sun ragu, yanzu nauyin ya koma kan iyaye mata ƙalilan.

Sai zaman iyaye. Mata sun zo, Allah ya saka musu. Maza kuwa, ban da 'yan kwamiti, sai mu ce kasuwa ta riƙe su. Amma maganar da ta fi rushe mana aiki daga bakin maza take fitowa: “Duk wanda ya dake ka, ka rama, in ka dawo min da kuka ni ma in ƙara maka.” Yaro ya zauna a tabarma da safe, da daddare a ce masa ragon banza ne. Ba muna cewa a koya wa yaro tsoro ba. Muna roƙon a ce masa ya kai ƙara, in ba a share masa hawaye ba uban ya zo da kansa, ƙofar Hedimasta a buɗe take.

Abin da muke nema a wannan taro

A amince da makon maimaitawa a farkon kowane zango. A zaɓi wanda zai riƙa zama da duk sabon malamin da aka turo ya bayyana masa tsarin, don wanda aka kawo mana a tsakiyar shekara bai san an soke monita ba sai da yara suka gaya masa. A sa zaman iyaye maza bayan sallar isha a ƙofar gidan Mai Unguwa, tunda ya ce ya ba da wuri. A samo ƙarin 'yan sa-kai, ko da awa ɗaya ce a mako.

Maganar rufi tana nan, an rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, muna jiran amsa. Tabarmar darbejiya kuma damina ta cinye ta. Mai tsohuwar tabarma a gida da bai damu da ita ba, ya aiko da ita ofis kafin a koma hutu.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti