Koke zuwa ga Mai Girma Sarkin Hausawan Agege kan sabon jirgin ƙasa na Red Line a Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu 'ya'yanka ne mazauna Zango da Isale Oja da kewayen Masallacin Alhaja, har da 'yan'uwanmu na Oko-Oba masu harkar nama, akwai 'yan tireda a cikinmu da masu goro da masu turin kura da masu tallan ruwa, sannan iyayenmu mata sun ce lallai a sa bakinsu. Mun zauna bayan isha'i ba sau ɗaya ba kafin muka yarda a rubuto maka, saboda maganar ta fi ƙarfin hirar majalisa, magana ce ta rai.

Ranka ya daɗe mu ba ƙin jirgin nan muke ba, wallahi muna murna da shi. Ai dogo ne ya raya Agege, kakanninmu da yawa shi suka biyo da shanu bayan layin ya isa Kano a 1911, su kuma koma gida da goro, to ta yaya jikokinsu za su ƙi jirgi? Tun ranar 29 ga Fabrairu 2024 da Shugaba Tinubu ya zo Ikeja ya ƙaddamar da shi muke zuba ido, muna gani aka yi ta gwajin kawunan jirgin, su wuce su dawo ba kowa a taragai, daga baya aka fara ɗaukar mutane ƙungiya ƙungiya don gwaji, har zuwa 15 ga Oktoba 2024 da aka buɗe wa kowa da kowa. Kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, tasha takwas, tamu ta Agege ce ta uku bayan Agbado da Iju, sai Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, a ƙare a Oyingbo. Duk wanda ya taɓa cin rabin yininsa a cunkoson hanyar Oshodi cikin bas ɗin danfo ya san darajar wannan. Ga yaranmu da aka hana su achaba a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi tun 2022, da yawansu sun koma dako da ƙananan sana'o'i a can cikin gari, su ma jirgin nan sauƙi ne a gare su.

To amma ga abin da ke hana mu barci.

Mutanenmu sun saba da tsohon jirgi. Wancan na ƙaramin layi da ke tasowa daga Iddo, tun yana nesa ka ji shi yana nishi yana hon, mai tumatir ta ja tirenta, mai gwanjo ya naɗe buhunsa, ya wuce a hankali mutane har kan rufinsa, sannan kowa ya mayar da kayansa inda yake kamar ba a yi ba. Shekara da shekaru haka ake, har abin ya shiga jini, yaro ya tashi ya ga babansa na tsallaka dogo ba ko waiwaye shi ma ya ɗauka. Wannan sabon ba haka yake ba ranka ya daɗe. Gudunsa daban, kuma kafin kunnenka ya gaya maka ya riga ya iso, balle a hayaniyar Agege da janareta da lasifikar masu talla da hon ɗin Keke Napep. Kuma layin ba shi kaɗai ke bi ba, jirgin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a Yuni 2021 shi ma nan yake bi, layi biyu ne gefe da gefe, sai mutum ya tsaya wannan ya wuce ya ɗauka shikenan ya zura ƙafa, ashe ga wani ta ɗaya ɓangaren. Kwanan baya a gabanmu wani yaro mai tallan ruwan leda ya yi haka, Allah ne ya sa wani bawan Allah ya fizgo rigarsa ta baya, robar ruwan ce ta tafi. Har yau in mun tuna jikinmu sanyi yake, yaron bai fi shekara goma sha biyu ba.

Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne direban jirgi ko ya hango ka ba abin da zai iya. Ba mota ba ce da za a taka birki ta tsaya ko a kauce, ƙafar ƙarfe ce a kan ƙarfe ga nauyin taragai a baya, in ya ja birki yanzu sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Mun ga misali ai, ranar 9 ga Maris 2023 a mashigar PWD da ke Ikeja, jirgi ya kwashi bas ɗin ma'aikata ya ja ta, mutum shida suka rasu, da yawa suka jikkata, kuma wannan fa manya ne a cikin mota da safe ido na ganin ido. To ina ga tsoho mai sanda da zai tafi sallar asuba, ina ga 'yan Islamiyya da suke fitowa a guje?

Mun san an yi gadar Pen Cinema tun 2021, an yi wasu gadojin a Ikeja da Yaba da Oyingbo da Mushin, Allah ya saka. Amma gadar mota ta mota ce. Mai kura da ya ɗoro buhun albasa, ko mace mai goyo da kaya a ka, ba za su yi wannan zagayen ba in suna hango inda za su a tsallaken layi, gaskiya kenan ko an so ko ba a so, kuma duk katangar da aka gina in ba a bar wa mutane hanya kusa ba wata rana sai an wayi gari an fasa ta.

Shi ya sa muka zo gare ka, don kai ne ubanmu a nan, ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a buɗe mu ko bakinta ba za mu kai ba. Muna roƙo ka kai maganar gaban Olu na Agege, sarkin Yarbawan garin, da shugaban ƙaramar hukuma da hukumar LAMATA mai kula da jirgin da kuma hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya mai layin. A ƙara gadojin ƙafa a wuraren da mutane suka fi tsallakawa, mu za mu nuna wuraren don mun san su ɗaya bayan ɗaya, kuma a yi su da gangara yadda kura da keken guragu za su hau, a sa fitila saboda dare. Kafin a gama ginin a sa masu tuta da ƙararrawa a lokutan da jirgi ke wucewa safe da yamma, muna da matasa da za su yi wannan aikin in an koya musu an ba su riga da ɗan alawus.

Sannan maganar harshe, wannan ita ta fi damunmu kuma ita ta fi sauƙi. A rubuta gargaɗi da Hausa a bakin layi da cikin tasha, da boko da ajami, don akwai dattawanmu da ba sa karanta boko amma ajami ko da dare za su karanta maka. A sa sanarwa da Hausa a lasifika tare da Yarbanci da Turanci. Ko katin Cowry ɗin nan da ake shiga da shi, mutanenmu da yawa sun je sun dawo don ba su san yadda ake saye da sa masa kuɗi ba kuma kunya ta hana su tambaya, wasu ma sun ɗauka jirgin na ma'aikatan gwamnati ne kawai. Mutum ɗaya mai jin Hausa a bakin ƙofa ya isa ya warware wannan. A kuma fayyace mana wane irin kaya aka yarda a shiga da shi, don ɗan kasuwa ba ya tafiya hannu rabbana.

Masu kasa kaya a gefen layi kuwa, mun yarda ɗari bisa ɗari zamansu a wurin haɗari ne, ba mu zo kare shi ba. Amma kora kaɗai ba ta taɓa yin magani ba, a zo da safe a kwashe kaya, jarin mutum gaba ɗaya ya tafi, bayan kwana uku ya ciwo bashi ya dawo wurin don 'ya'yansa ba za su ci katanga ba. A nema musu wani wuri kusa wanda kuɗinsa bai fi ƙarfinsu ba, a ba su wa'adi a bayyane, mu kuma da kanmu za mu taya tashinsu.

Namu ɓangaren ma ba mu manta ba ranka ya daɗe, laifin ba duka na waje ba ne. Muna roƙo ka tara limamai da malaman Islamiyya da na allo da shugabannin kasuwa da Sarkin Fawa, a yi huɗuba a kai ranar Juma'a, a gaya wa iyaye su daina aiken yara tsallaken layi, matasa su cire abin kunne in za su tsallaka, masu kora dabbobi su daina bi ta kan dogo. In daga bakinka ta fito za a ji.

Muna jiran ranar da za ka ba mu mu zo fada da wakilanmu, za mu taho da jerin mashigun da muke magana a kai da sa hannun masu gidaje da 'yan kasuwa, in ma ka ga dama mu zagaya da wakilinka da yamma lokacin da jirgi ke dawowa ya gani da idonsa.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya tsare mana zuri'a.

Mu ne 'ya'yanka,
Al'ummar Hausawa mazauna bakin dogo, Agege, Legas.