Masu harbin zomo daga kan soro su juya wa gari baya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da matasanmu na karkara, musamman na yankinmu na Birnin Kudu a Jihar Jigawa, kan wata ɗabi'a da ta yaɗu tun da noman rani ya matso har bayan gidaje. Ni manomi ne, kuma tun ina saurayi nake farauta, saboda haka ba tsoron bindiga ne ya sa ni rubutu ba.

Zomo maɓarnaci ne, babu musu. Duk wanda ya dasa latas ko kabeji ya san takaicin zuwa lambu da safe a tarar an aske fangali guda, da damina kuma wake da gyaɗa ne ke shan wahala tun suna 'yan ganye biyu. A da maganinsa karnuka ne da kere, a tashe shi daga makwanci a bi shi, shi ya sa aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yaran yanzu naman suke so ban da gudun. Sai saurayi ya ɗauki adakar gidansu bayan sallar isha'i, ya hau kan soro ko katanga ko reshen darbejiya, ya ɗaura tocila a goshi, ya zauna jira. In ka yi masa magana ya ce, "Baba, ai daga sama nake harbi, ƙasa ce za ta shanye."

Da ƙamshin gaskiya a maganarsa. Wanda ya yi harbi a tsaye a fili, abin da ya kuskure zomo yakan wuce ya yi ta tafiya har sai ya gamu da wani abu. Wanda ke sama kuwa bakin bindigarsa ƙasa yake kallo. Amma wannan yana aiki ne kawai idan zomon yana kusa da gindinka, ƙasar kuma mai taushi ce. Soron ƙauye bai fi mita 3 ko 4 ba. Idan zomo yana nesa da mita 30, harbin naka duk taku goma da ya yi gaba taku ɗaya kacal yake yin ƙasa. Wannan ai a kwance yake tafiya, hawan da ka yi bai ƙara maka komai ba sai ganin nesa.

Sai mu zo ga ƙasar. Rairayin jigawa da sabuwar huɗa suna haɗiye harsashi. To amma mene ne a bayan gidajenmu da rani? Faƙo ne da dabbobi suka tattake ya yi tauri, ko marmara, ko falalen dutse, don ƙasar Birnin Kudu ba ta rasa dutse, mu ne masu Dutsen Mesa da Habude. Abin da ya faɗa kan irin wannan wuri a karkace tsalle yake ya canza hanya, kamar dutsen da yara ke jefawa a kan ruwan kududdufi yana tsallen-tsallen. Shi ma ruwan da ke kwance a lambu bayan an yi ban-ruwa haka yake mayar da harbi.

Abin da ya fi damuna shi ne irin ɗurin da ake yi yanzu. Dalma tana da laushi, in ta bugi dutse takan baje ƙarfinta ya ragu. Amma dalma kuɗi ce, sai yara su cika adaka da ƙwayar boris ɗin keke da guntun ƙusa da yankakken rodi. Ƙarfe ba ya bajewa, dawowa yake, kuma ba mai iya cewa ga inda zai nufa. Ko ƙananan ƙwayoyin harsashin kanti suna iya kai mita 200, balle guntun rodi. Tsakanin wannan ƙarfe da matar da ke kwance a tsakar gida saboda zafi, me ke akwai? Darni ko zana, in an yi arziki langa-langa. Babu ɗaya a cikinsu da ke tsayar da harbi.

Dare kuma ba na zomo kaɗai ba ne. Da tocila ƙyallin ido kawai kake gani, na zomo da na kyanwa da na ɗan akuya duk suna ƙyalli. Bayan gari nan ne mutane ke fita biyan buƙata, nan almajirai ke yanke hanya, nan mai lambu ke tsugune yana gyara bakin tiyo saboda da dare ne layin inji ya zo kansa. A ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu akuya mai ciki aka rasa ta wannan hanya, aka sasanta a gaban mai unguwa, kowa yana cewa Allah ya taƙaita. Ya taƙaita ɗin kuwa, don wurin hanyar rijiya ce.

Akwai kuma haɗarin da ke kan maharbin kansa, wanda ba a cika faɗa ba. Adaka ba ta da makulli. Hawa bishiya da ita a ɗane ganganci ne, reshe ɗaya ya taɓa kunama an gama. Maharban da suka koya mana sai sun zauna daram a sama tukuna su jawo ta da igiya, ba a ɗane ba, bakinta na kallon ƙasa. Sannan idan ɗurin bai matse ba, ka daɗe kana riƙe da ita baki ƙasa, yakan zame ya bar sarari tsakaninsa da albarushi, irin wannan ne ke fasa bututu a hannun mutum. Kada a manta da wuta. Adaka tartsatsi take fesawa da tsumma mai ci, mu kuwa a kan soro da cikin rassan bishiya muke ajiye harawa da kara. A iskar hunturu, abincin dabbobin shekara guda ba ya ɗaukar lokaci.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni. Kibiyar da ba a ɗana ba ke nan. Kisan kuskure kuma yana da diyya da kaffara, ba a cewa ai zomo na nufa a tashi. Ta fuskar hukuma ma, dokar bindigogi ta 1959 tana nan, kuma ita kanta adakar tana cikin abin da dokar ta ba 'yan sanda ikon sa wa ido.

Ga abin da nake gani. Lambun da ke manne da gidaje kada a kai masa bindiga sam. Zomon dajinmu ba mai haƙa rami ba ne, a bisa ƙasa yake kwanciya, don haka shingen ƙaya mai kauri ko ragar waya mai tsayin ƙugu, da kare a ɗaure, sun isa. Wanda gonarsa ke can waje kuma yake da izinin riƙe bindiga, ya kafa rumfarsa ta yadda gari zai kasance a bayansa, gabansa gona mai taushi ba hanya ba rijiya. Ya tara tudun ƙasa a bayan inda zomon ke shigowa, ya jira shi har ya matso mita 10 ko 15, ya yi harbin da sauran hasken magariba ko bayan gari ya waye, lokacin da zai ga kunnuwa da jiki, ba ido kaɗai ba. Ya kuma gaya wa maƙwabtan gona tun da rana.

Ina kira ga dagatai da masu unguwanni su zauna da Sarkin Baka na kowane yanki kafin a fara dashen bana, a yanka iyakar da ba a harbi a cikinta, a sa sanƙira ya faɗa ranar kasuwa, limamai kuma su maimaita ranar Juma'a.

Naka,
Wani manomin rani,
daga karkarar Birnin Kudu, Jihar Jigawa.