Ciwon kwankwason 'yan wasanmu ba basir ba ne

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana masu horar da yara ƙwallo a unguwanni, da samarin da ke ɗaga ƙarfe a lunguna, domin abin da na gani makon jiya a filinmu ya fama mini tsohon miki.

Wani yarona ne ɗan shekara 19, ɗan baya, ya zo tirenin yana tafiya a karkace kamar mai ɗauke da jarkar ruwa a hannu ɗaya. Ya ce basir ne ya taso masa, ya sha jiƙo, kuma ya biya kemis an yi masa allura saboda wasan Asabar. Na ce nuna mini inda ciwon yake bi. Ya shafa daga kwankwaso, ta mazauni, bayan cinya, har sha-raɓa. Na ce in ka yi tari ko atishawa fa? Ya ce: "Koci, kamar an jona mini wayar wuta." Nan take na ce ya kwance takalmi ya zauna.

Na san wannan hanyar da ciwon ke bi, don ni ma ta nan ya bi mini. Shekara 14 na yi ina tsaron gida, ina faɗuwa a kan busasshiyar ƙasar hunturu mai tauri kamar siminti. Ranar da abin ya kama ni ma ba a fili nake ba, sunkuyawa na yi in ɗaga janareta. Wata 8 ina yawo. An yi mini ƙaho, wani ya hau bayana ya tattaka wai zai mayar da ƙashi, gwaggona kuwa ta rantse jifa ne daga waɗanda muka ci a wasan ƙarshe. Sau 2 ina yin hoton ƙashi yana fitowa lafiya lau, sai daga baya na gane cewa wannan hoton ƙashi kawai yake nunawa, abin da ya lalace kuma ba ƙashi ba ne. Hoton MRI, wanda ke nuna har nama da jijiya, shi ne ya tona asiri.

Ga yadda likita ya zana mini a bayan kati. A kwankwaso akwai ƙasusuwa 5 a jere, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai da ke aikin da bushin ke yi a mota. Bayansa guringuntsi ne mai ƙarfi, cikinsa kuma laushi kamar ƙullu. Idan mutum ya yawaita sunkuyawa da nauyi, musamman yana murɗa jiki, bayan faifan sai ya tsage, na cikin ya ɓullo ya danne jijiyar da ta sauka ƙafa. Shi ya sa laifin yana baya, kukan yana ƙafa, har da mindirya a yatsu. Kusan 9 cikin 10 a faifai biyu na can ƙasa ake samunsa, waɗanda likitoci ke kira L4-L5 da L5-S1, inda nauyin jiki ya fi taruwa.

Da Neymar ya karye a ƙashin baya a Kofin Duniya na 2014, a wasansu da Kolombiya, kowa ya ga gwiwar da aka sa masa, aka ɗauke shi a makara sai asibiti. Ciwon faifai ba ya zuwa da irin wannan hayaniyar. A hankali yake ci, shi ya sa muke raina shi, mu sa masa sunan basir ko sanyi.

Allurar nan ce ta fi ci mini rai. Ciwo ƙararrawa ce, allura kuma cire batirin ƙararrawar take yi, yaro ya shiga fili ya ƙara yaga abin da ya riga ya tsage. Maganin kashe ciwo na Diclofenac da suke sha kamar gyaɗa yana cin ciki, yana taɓa ƙoda. Tramadol kuwa tun farkon 2024 WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta shi a lokacin gasa, to yaron da ke mafarkin fita waje ya san da wannan.

Abin da ba a gaya mana ba shi ne, mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an sa musu wuƙa ba. Doguwar kwanciya ma ba ta da amfani. Ni tafiya kaɗan-kaɗan da motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya mini, na ƙarfafa naman ciki da na baya, su suka tashe ni. Ko tiyatar ma da muke tsoro kamar mutuwa, an yi wa Andy Murray, ɗan wasan tanis na Birtaniya, aiki a baya a 2013, ya dawo ya ci Wimbledon a 2016. Amma akwai alamun da ba a kwana da su: fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba sani, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara jan ƙasa. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya nufi asibitin koyarwa na Shika ko da tsakar dare ne, don jinkiri na iya barin mutum da nakasa.

Mu masu horarwa muna da namu laifin, ni ma ban cire kaina ba. Yaro ya makara, mu ce tsallen kwaɗo ya zagaye fili. Mu sa su goya juna a wuya suna gudu, ba a ko ɗumama jiki ba. Masu ɗaga ƙarfe kuma, a cika gwangwanayen madara da siminti, ba wanda ya san kilo nawa ne, yaro ya ƙundume baya kamar baka ya fizga don abokai su yi masa tafi. Da gwiwa ake sauka, baya a miƙe, nauyin a manne da jiki.

Yaron nan dai ban sa shi a wasan Asabar ba. An ci mu 2 da nema, wansa ya biyo ni har gida yana cewa na kashe wa ƙaninsa kasuwa, wai akwai masu neman 'yan wasa da suka zo daga Kaduna. Na ba shi kujera, na ɗauko masa tsohon hoton bayana ya ɗaga a hasken taga. Ranar Litinin ni da shi za mu raka yaron Shika.

Naka,
Tsohon mai tsaron gida,
Tudun Wada, Zariya.