Wasiƙa daga Tokyo: Mama mai gemu

Tokyo, daren Lahadi

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da sauran mutanen gida. Ya ƙafar tata? Na ga ƙorafinka, wai tun da na shigo ƙasar Japanawa na yi watsi da kai. Wallahi ba haka ba ne. Awa takwas ce tsakaninmu, lokacin da ka idar da Isha'i kake neman abokin hira, ni ina juyin barcin asuba.

Na san tambayar da ke cinka ita ce wadda ka liƙa a ƙarshen saƙo kamar ba ka damu ba: “Ya harka a can?” To, gyara zama in ba ka labarin Mama.

Akwai wata 'yar unguwa a yankin Shinjuku na nan Tokyo, ana ce mata Nicome. Da ƙafa za ka zagaye ta kafin shayinka ya huce, amma mashaya ɗaruruwa ne a cunkushe a cikinta, bene a kan bene, kuma yawancinsu na 'yan uwa ne, wato maza masu son maza irinmu. Kada ka hango wani ƙaton wuri. Kamar shagon tela suke: kanta ɗaya, kujeru bakwai ko takwas. Mai wurin kuwa Mama ake kiransa, ko da ƙato ne. Tawa Maman ta haura sittin, ga sanƙo ga gemu, ga murya irin ta kwandasta. Ni dai “ta” nake ce mata, kuma kai ba sai na gaya maka dalili ba.

Ranar farko sau uku ina wuce ƙofar kafin na tura. Ina shiga wurin ya yi tsit. Mama ta dube ni tun daga takalmi har kai, ta faɗi wata magana, kowa ya fashe da dariya. Wani mai ɗan Turanci ya fassara mini: wai in masu karɓar kuɗin kallon talabijin ne suka turo ni, in koma in ce ba su da ita. Ka san abin da na ji? Sanyi a raina. Shekara guda na yi a garin nan mutane suna ta rusuna mini, ba wanda ya taɓa zolayata. Ranar ce aka fara yi mini habaici, sai na ji kamar na shiga rumfar tuwon nan da muke zama ni da kai.

Al'adarsu ita ce mai zuwa kullum ya sayi kwalba guda, a rubuta sunansa a jiki, a ajiye masa a kan kanta. Da na ce ba na shan giya, Mama ta dafe ƙirji kamar na zagi iyayenta. Mako na zagayowa na tarar da gorar shayin sha'ir a jere cikin kwalaben mutane, an rubuta sunana da baƙaƙensu. Ba sunana na yanka ba. Na taɓa gaya musu yadda ake kiran manya a gida, su kuma bakinsu ba ya iya “l”, shi ke nan na zama Aruhaji har yau.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne suna da irin zaurancenmu. Ɗan uwa a wurinsu mutumin “kocci” ne, wato na nan ɓangaren. Wanda ba ya ciki “nonke” ne. Na ce mata mu masu harka muke cewa, waɗanda ba su san dawan garin ba kuma makafi. Ta yi dariya har da buga kanta, ta ce namu ya fi rashin mutunci, za ta ara.

Amma kada ka ce na faɗa aljanna. Gaskiya ne ba dokar da ke kama mutum a nan. Ba kamar tamu ta 2014 ba da ta haramta auren jinsi, mai maganar ɗaurin shekara 14, wadda har yanzu in na tuna ta nake waiwaya ko a cikin jirgin ƙasa. Tun 2015 gundumomin Shibuya da Setagaya suka fara ba ma'aurata irinmu takardar shaida, Tokyo gaba ɗaya ta bi sahu a 2022, kuma a 2021 wata kotu a Sapporo ta ce hana su aure ya saɓa wa tsarin mulki. Sai dai takardar shaida ba aure ba ce, ba ta sa ka gaji mutum. Ka san dabarar da tsofaffinsu suka daɗe suna yi? Babba ya karɓi ƙarami a matsayin ɗa a takarda, su zama gida ɗaya, suna ɗaya. Mutumin Mama, wanda suke tare sama da shekara talatin, ya girme ta da wata huɗu kacal, kuma a wurin hukuma mahaifinta ne. In ya shigo mashayar sai ta ƙwalla: “Ku kintsa, Baba ya dawo!” Duk mu yi dariya. Ran nan da aka watse na ga tana gyara masa wuyan riga, ba ta dariya.

A ofis kuwa shiru ne, irin wanda ka sani. Mutanen nan kunyarsu ta kere ta Fulani. Za su zauna gaban talabijin su sha dariyar Matsuko Deluxe, namiji cikin shigar mata da kowa a ƙasar ya sani, amma abokin aikin da ke teburin gefe ba wanda zai tambaye shi, shi ma ba zai faɗa ba. Akwai wani ma'aikacin banki da ke zama kusa da ni wurin Mama, shekararsa hamsin, iyayensa har yau sun ɗauka aiki ne ya hana shi aure.

Ni ma ban tsira ba. Ran da muka fita cin abinci da 'yan ofis, maigidana ya ɗan yi nisa, sai ya ɗaga mini ƙaramin yatsa yana ɗaga gira. Na zaci ciwo ya ji. Ashe a nan ɗan yatsan nan na nufin budurwa. Na ce ai tana Najeriya. Ka tuna kuma abin da nake gaya wa Inna duk sanda ta bugo: in ta ƙara haƙuri, akwai wata a nan da muke daidaitawa. Kenan budurwa ɗaya gare ni a duniya, kuma kullum tana ƙasar da ba na ciki.

Na je taron 'yan uwa na shekara-shekara a dandalin Yoyogi. Na tsaya a gefe da takunkumi a fuska, don a nan kowa na sa shi, ba mai zarginka. Ban shiga jerin gwanon ba. Wata tsohuwa ta miƙo mini 'yar tuta, na karɓa na cusa a aljihu kamar kayan sata. Tana nan cikin akwatina.

Juma'a ina zuwa masallacin Turkawa na Yoyogi-Uehara. Nama kuma a shagunan halal na Shin-Okubo nake saye, tasha ɗaya daga Shinjuku. Kuɓewa tana nan, “okura” suke ce mata. Akwai kuma wani waken suya da suke ruɓarwa, natto, wanda baƙi ke gudu saboda wari. Ni ina shinshinawa na ce wannan ai daddawa ce ta yi yauƙi. Na cinye a gaban Mama ban ko yamutsa fuska ba, tun daga ranar ta daina ce mini baƙo.

In ka samu mai tahowa, ka haɗo mini yaji da kuka. Kada ka sa kilishi, ba sa barin nama ya shigo, a filin jirgi za a ƙwace. Ka goge wannan in ka gama karantawa, ka san hannun ƙannenka a waya.

Mama tana gaishe ka. Na nuna mata hotonmu na bikin Sallar nan, ta daɗe tana kallo, ta ce wannan mai hular fa, yana da wani ne?

Me zan ce mata?

Naka har kullum,
Aruhaji