Barka da Sallah daga Jamus

Brand, jihar Brandenburg, Jamus
Juma'a, 1 ga Shawwal 1444 (21 ga Afrilu 2023)

Zuwa ga Baba da Hajiya da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan, ina yi muku barka da shan ruwa da barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Mun gaisa ta waya da safe, amma hayaniyar tsakar gida ba ta bar kowa ya ji kowa ba, don haka na bari sai da yara suka yi barci sannan na zauna in rubuto muku a tsanake, Sadiya ta karanta wa Hajiya idan baƙi sun ragu.

Ba daga gida nake rubuta wannan takarda ba, kuma ga dalili. Kun san a ƙasar nan ba a ba da hutun Sallah. Ni sai da na nemi izini a wurin aiki, su kuwa yara makarantun Berlin suna ɗaga wa ɗalibai Musulmi ƙafa a ranar farko ta Idi. Mun yi sallar Idi a masallacin Turkawa da ke kusa da tsohon filin jirgin sama na Tempelhof, kuma an cika maƙil, an rarraba wa yara alewa a bakin ƙofa. To amma kafin hantsi ya dubi ludayi kowa ya watse, wasu ma daga masallaci wurin aiki suka zarce, titi kuwa babu abin da ya nuna yau ta bambanta da jiya. Muka dawo gida da Abba cikin sabuwar shaddarsa da Ummi cikin atamfar da Gwaggo ta aiko, ƙunshi ya kama hannunta ram, amma babu gidan da za su shiga a ce musu sun yi kyau, domin a nan ba a sallama a gidan mutum sai an riga an sa rana da lokaci. Bara haka suka wuni a falo da kwalliyarsu har suka gaji suka tuɓe, shi ya sa tun tsakiyar azumi ni da Maman Abba muka yanke shawarar bana sai mun fitar da su. Kafin Baba ya tambaya, na tsaya na yi sallar Juma'a sannan muka kama hanya.

Wurin da muka zo sunansa Tropical Islands, yana kudu da Berlin da kimanin kilomita 60. Jirgin ƙasa ne ya sauke mu a wata ƙaramar tasha a tsakiyar daji, motar wurin ta kwashe mu zuwa bakin ƙofa. Tun daga nesa ake hango ginin ya yi wa itatuwa zarra, domin tsawonsa mita 360 ne, faɗinsa mita 210, daga ƙasa zuwa ƙololuwar rufinsa kuwa mita 107, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa. Asali ba don wanka aka gina shi ba. Filin tsohon sansanin jiragen yaƙi ne da sojojin Tarayyar Sobiyet suka yi amfani da shi, daga baya wani kamfanin Jamus ya gina wannan rumfa don ƙera wani irin ƙaton jirgi mai tashi da iskar gas wanda zai riƙa ɗaukar kaya masu nauyi. Kamfanin ya karye a 2002 tun bai ƙera jirgin ba, wani kamfani daga Malesiya ya saye rumfar, ya zuba mata yashi da ruwa da itatuwa, aka buɗe ta ga jama'a a ƙarshen 2004.

Abin da zai ba Hajiya dariya shi ne abin da muka biya kuɗi muka saya. Da safe kin ce mini zafi ya hana ku barci jiya ga shi an ɗauke wuta, mu kuwa da rigunan sanyi muka iso, muna shiga muka fara tuɓe su, saboda a cikin ginin ana riƙe da ɗumi a kan digiri 26 dare da rana, rani da damina, ko da ƙanƙara na zuba a waje. Zafi dai muka zo saya, kuma Turawa layi suke yi a kansa da 'ya'yansu.

A bakin shiga aka ɗaura wa kowa wani abu mai kama da agogo a hannu, da shi ake buɗe akwatin ajiye kaya, da shi ake sayen abinci, sai ranar fita a yi lissafi gaba ɗaya. Dabara ce mai kyau ga wanda yake cikin ruwa babu aljihu, amma mai iyali sai ya sa ido, domin kuɗin da ba a ƙirga shi da hannu ba ya jin kira. A ciki akwai wani babban tafki da suke kira teku, da farin yashi a bakinsa, an zana sararin sama da gajimare a bangon da ke bayansa. Akwai wani tafkin da ruwansa ya fi ɗumi, yana zubowa daga kan duwatsu, sannan a tsakiya akwai kurmi na gaske mai dubban tsirrai, da 'yar hanya da ke ratsa shi, da kunkuru da kifaye da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da jan gashi waɗanda Ummi ta tsaya kallo har sai da aka janye ta.

Maigidanki Abba kuwa tun da ya ga hasumiyar da ake sulalowa daga kanta bai sake sanin inda muke ba. Tsawonta mita 27 ne, da manyan bututu masu murɗewa, mutum ya shiga ta sama ruwa ya kwaso shi ya watso shi a tafki. Mafi tsananinsu ba a barin ƙananan yara su hau, amma sauran sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma matsa sai na bi shi. Na hau don kada a ce uban ya ji tsoro, na sauko ina salati, shi kuma yana dariya har da riƙe ciki. Kada hankalinki ya tashi, Hajiya, yaron ya iya ruwa. A makarantun Berlin dole ne a koya wa 'yan aji uku iyo, kuma ya ci jarrabawar farko, wadda sai yaro ya yi iyon mita 25 ya kuma nutse ya ɗauko abu daga ƙasan ruwa, har an ɗinka masa lambar a wandonsa. Ina kallonsa ina tuna dukan da ni da Yaya muka sha ranar da aka gane mun shiga kududdufin bayan unguwa, da yadda kika riƙa tsorata mu da tsargiya, ga shi yau jikanki malami ne ya koya masa da izinin hukuma. Kishiyarki Ummi tana sashen ƙanana inda ruwa bai wuce gwiwa ba, an saka mata robar da ake hura wa iska a damatsa, tana ta cika bokiti da yashi tana cewa tuwon Sallah take tuƙawa.

Maman Abba ba ta shiga ba, ta zauna a kan yashi da hijabinta tana riƙe da Walid, ƙafa kawai ta tsoma. Shigar wankan mutanen nan dai kun san ba irin tamu ba ce, sai kawar da kai, kuma ba wanda ya kalle mu ko ya ce mana uffan. Ta ce ita ɗumin kaɗai ya ishe ta Sallah.

Sai da aka zo cin abincin dare ne gida ya faɗo mini gaba ɗaya. Mun sayi soyayyen dankali da kifi, abin da hankali ya fi kwanciya da shi, yara suna ci suna murna, ni kuwa ina kai loma bakina sai na ji ƙamshin wainar Hajiya. Na san tun shekaranjiya aka jiƙa shinkafa, jiya da la'asar aka aiki yara inji da bokiti biyu, ƙullu ya kwana a rufe yana tashi, da asuba aka zuba masa ruwan kanwa da yankakkiyar albasa. Na san kafin a dawo daga Idi an girka tanda uku a tsakar gida, Inna Ladi tana kan ta tsakiya don ba ta yarda kowa ya juya mata, man gyaɗa yana ƙara, gefen waina ya yi ja ya yi ƙayau cikinta kuma fari sol mai laushi. Na san miyar taushen da ke babbar tukunya, kabewa ta narke a ciki, gyaɗa ta kama jikinta, ga yakuwa ga alayyafo, ga daddawar da Gwaggo ba ta saye sai a hannun mace ɗaya, ga ƙashin rago da Baffa yake cewa nasa ne tun kafin a sauke. Abin da ya fi tsaya mini ma ba cin ba ne, rabon ne. Jerin langa da samira a bakin ɗakin Hajiya, kina nuna kowanne da yatsa kina faɗin gidan da za a kai, mu kuma muna rige-rigen ɗaukar na gidan Alhaji Babba saboda tukuicinsa ya fi tsoka, kwano kuma ba ya dawowa wayam, sai da tuwon wani gida ko dambu ko funkaso. Kafin azahar mun zaga unguwa kaf, an ga ɗinkinmu, an shi mana albarka, aljihu ya yi nauyi. Wannan ne nake so Abba da Ummi su sani, kuma duk faɗin ginin nan ba a sayar da shi.

Ba a ce ba mu gwada ba. Maman Abba ta samo farar shinkafa mai danƙo a shagon mutanen Asiya, ta markaɗa a na'urar kicin, ta soya a wani kaskon ƙarfe mai ramuka da mutanen Holan suke yin tasu fanke da shi. Ramukan ƙanana ne, don haka wainar ta fito loma ɗaya ɗaya, kuma babu ƙamshin hayaƙin itace. Kabewa a nan kayan kaka ce, sai da aka sha yawo aka samu, daddawarmu kuwa ta ƙare tun farkon azumi. Duk da haka ta yi daɗi, Allah ya yi mata albarka, da ita muka karya kafin mu fita masallaci. Ummi ta ce ita lallai sai ta kai wa wani, sai muka zuba a faranti ta kai wa tsohuwar da ke hawa na ƙasa da mu. Matar ta yi mamaki, ta yi ta tambaya ko ranar haihuwar wani ce, can kuma sai ga ta da kanta ta dawo da faranti a wanke da cakulan biyu a kai. Yarinyar nan har yanzu ba ta yarda an taɓa nata ba.

Masaukinmu tanti ne a cikin ginin, da gadaje da shimfiɗa, domin wurin ba ya rufewa dare da rana, wanda ya so ɗaki kuma akwai. A ciki muka yi magariba bayan ƙarfe takwas, waya ta nuna mana alƙibla. Gobe yara sun ce tun da sassafe za su koma ruwa kafin jama'a su yi yawa, akwai kuma balan-balan mai kwando da ke ɗaga mutane sama a cikin ginin, Abba ya sa rai, ni kuwa ina nazari. Ranar Lahadi da yamma za mu koma Berlin in Allah ya yarda, saboda Litinin akwai makaranta.

A gaishe mini da Baffa da iyalinsa, da Kawu, da mutanen gidan Liman. A gaishe da Yaya Babba, a ce masa na ga saƙonsa kuma na gode da ya fitar mana da zakkar kono a kan lokaci. Gwaggo kuwa gaisuwarta daban ce. A faɗa mata atamfar ta zauna wa Ummi kamar a jikinta aka auna, a faɗa mata hular Abba ta ɗan yi masa yawa amma ya ƙi cirewa har a cikin jirgi, a tambaye ta ciwon gwiwar, kuma don Allah kada a bar ta ta tsuguna a gaban murhu bana, akwai yara. Ina gaida Inna Ladi da hannunta mai albarka, Allah ya ƙara mata lafiya, ta ci waina biyu da sunana. Ina gaida Sadiya da Nura da Auta, da amaryar Nura wadda har yau hoto kawai muka sani, da 'yan biyun Yaya waɗanda na ji an ce gobe za a kai su gidan zu. Auta, idan kun fita kallon hawan Daushe ka ɗauko mana bidiyo mai tsawo, ka riƙe wayar da kyau, Abba yana son ganin dawakai ba ƙeyar mutane ba. Maƙwabta duka ina gaishe su. Maman Abba tana gaida kowa da kowa, ta ce a miƙa gaisuwarta can gidansu idan an je kai abinci.

Goron Sallar yara yana hannun Yaya, shi zai raba, kuma na Gwaggo da na Inna Ladi a ba su a hannu. Idan an sami mai tahowa bayan Sallah, muna roƙon daddawa da kuka da busasshiyar yakuwa, a ɗaure su sosai saboda ƙamshi, da kaskon waina na ƙarfe mai manyan ramuka, don na ƙasa ba zai iso da rai ba. Baba, muna neman addu'a, mu da yaran nan.

Wassalam.

Ɗanku,
Kabiru