Malamai, mu ɗauki hoton daftarin sakamako kafin mu watse hutu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni malamin lissafi ne a wata makaranta a Gadarif, gabashin Sudan. Shekarar karatu ta zo ƙarshe a wajenmu, an gama jarrabawa, muna kan gyaran takardu, hankalin kowa kuma ya fara komawa gida da gona. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana malamai, musamman namu na Gadarif da Kasala da Damazin da Mai Wurno, a kan wani aiki na yini ɗaya da nake ganin bai kamata a rufe makaranta ba a yi shi ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 muke karɓar baƙi. Da birnin Wad Madani ya faɗi a Disambar shekarar, jama'a suka kwararo mana, har azuzuwanmu suka zama ɗakunan kwana. Da aka dawo karatu sai iyaye suka riƙa zuwa da yara, hannu rabbana. Uwa ta ce maka 'yarta ta gama aji shida, ka ce ina takarda, ta yi shiru. Makarantar da yarinyar ta baro ba a san halin da daftarinta yake ciki ba, kwamfutar ofishin mudir, wato shugaban makaranta, an yi awon gaba da ita. Mukan gwada yaro da 'yan tambayoyi mu sa shi ajin da muka ga ya dace. Amma yaron da ya shekara bai riƙe alƙalami ba, ga firgici, me gwajin rabin awa zai nuna? Na san waɗanda aka mayar baya da aji guda alhali sun riga sun wuce shi, kuma har yau abin yana cina.

A cikin masu gudun hijirar akwai wata malama da ta taɓa ɗaukar hoton shafukan sakamakon ajinta, don ta ƙarasa lissafin maki a gida. Hotunan nan suna cikin wayarta. Da su aka tabbatar wa ɗalibanta da dama matsayinsu a makarantu daban-daban. Ita ba da shiri ta yi ba. Mu sai mu yi da shiri.

A tara daftarin rajista, da na sakamako, da kwafin takardun haihuwa da lambar ɗan ƙasa ta kowane yaro, a ɗauke su shafi-shafi. Kada a yi a cikin ofis mai duhu. A fito inuwar baranda da hantsi, a shimfiɗa daftarin a kan tebur, a riƙe waya daidai samansa. Manhajar Google Drive da ke zuwa da yawancin wayoyin Android tana da alamar kyamara wadda ke daidaita gefen takarda, ta haɗa shafuka da yawa su zama fayil ɗaya na PDF. Bayan kowane shafi a buɗe shi a ƙara girmansa. In ba ka iya bambanta 2 da 3 na Larabci ba, sake ɗauka, don rubutun hannunmu da ma yakan rikita su.

Sannan suna. Wannan shi ne inda muka fi kasala. Fayil mai sunan da waya ta laƙaba masa, lambobi zalla, bayan shekara biyu ko mai shi ba zai gane shi ba. A rubuta shekara, aji, da abin da ke ciki, duk malaman makaranta su bi tsari ɗaya.

Inda za a ajiye shi ne babbar magana. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma wannan ya ishi dubban shafuka. Amma kada mu manta da Fabrairun 2024, lokacin da layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar, aka rasa ko yadda za a tura kuɗin cefane. Abin da ke intanet kaɗai, a irin wannan rana tamkar babu shi ne. Don haka ina ba da shawarar wuri uku: ɗaya a intanet, ɗaya a katin memori ko filas a hannun mudir, ɗaya kuma a hannun wani malami da ke zaune a wata unguwa ko wani gari. Tura fayil daga waya zuwa waya ba ya buƙatar ko sisin kati, Bluetooth ko Xender sun wadatar. In kuma ta WhatsApp za a tura, a tura shi a matsayin takarda, kada a tura shi a matsayin hoto, don hoto matse shi ake yi, ƙananan lambobi su dusashe. Daftarin takarda kuwa ba a yar da shi. A sa shi a leda mai kauri, a ɗora a sama, gara da yoyon damina ba su san darajarsa ba.

Asusun da za a ajiye kayan ya zama na makaranta. Na ga inda aka zuba komai a Gmail ɗin malami guda, aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da shi ba da mugun nufi ba, aka yi wata ana neman sa. A buɗe asusu da sunan makarantar, mutum biyu ko uku amintattu su san kalmar sirri. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda goma da ake shiga da su in layin da aka yi rajista da shi ya ɓace. A rubuta su a takarda, a rufe a ambulan. Mu nan mun san yadda layi ke ɓacewa: a ƙwace waya a hanya, ko a daɗe ba a yi amfani da shi ba a ba wani lambar. A kuma riƙa leƙa asusun ko da sau ɗaya a zango, domin tun Disambar 2023 kamfanin ya fara aiki da ƙa'idar cewa zai iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Wanda ya ga yadda jarrabawar Shahada ta 2023, wato ta kammala sakandare, ta kai ƙarshen Disambar 2024 kafin a zauna ta, ya san shekara biyu ba ta da wuyar wucewa.

Akwai amana a nan, Malam Edita, kuma ba na so a ɗauke ta da wasa. Waɗannan takardu suna ɗauke da sunan yaro da na mahaifinsa da garin da suka fito, a lokacin da asalin mutum kan iya jawo masa masifa a shingen bincike. Bayan an kwafe su zuwa inda aka tanada, kowane malami ya goge su daga wayarsa, har da kwandon shara na ma'ajiyar hotuna, inda abin da aka goge kan zauna na wasu makonni. Hotunan ɗalibai, musamman 'yammata, kada su kwana a wayar da gobe za a kai wa mai gyara ko a sayar a kasuwa. Kuma don Allah a daina zuba sakamakon aji gaba ɗaya a zauren WhatsApp na iyaye. Yaron da ya zo na ƙarshe shi ma ɗan wani ne. A tura wa kowane uba nasa, sannan a rufe zauren ajin da ya gama.

Kayan aiki kuma, a taƙaice: kwamfutar tafi-da-gidanka da batirin ajiya kada a bar su a cike fal ko a mace, a bar su wajen rabi, a kashe, a nesa da zafin kwano. A cire komai daga soket. A lulluɓe na'urar buga takarda saboda ƙura.

Na san abin da wasu za su ce: albashi bai zo ba, wa zai sayi katin memori? Gaskiyarsu ne, ni ma a cikinta nake. Mu a makarantarmu mun kai maganar gaban majalisar iyaye, suka yi karo-karo aka sayi guda biyu. Mun sa ranar Alhamis mai zuwa, bayan an gama tattara maki, kowa zai zo da wayarsa a cike da caji, ni zan zo da shayi. Ina roƙon ka fitar da wannan wasiƙa kafin sauran makarantu su rufe, ko malamanmu na Najeriya da Nijar da ke fama da ambaliya da tashin hankali za su ga abin ɗauka a ciki.

Na gode. Allah ya ba mu zaman lafiya.

Naka,
Wani malamin lissafi,
Gadarif, Sudan