Inda Na Samu Kwanciyar Rai

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana kan kwanciyar rai, wadda na ga jama'a da yawa a nan Yamai suna nema ido rufe.

Ni Kirista ce. Ranar Asabar 17 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a birnin nan, tamu na ciki, kuma na yi watanni barci ba ya ɗaukata, ko ƙarar babur na ji a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Maƙwabciyata Musulma, Allah ya saka mata da alheri, ita ta ɓoye ni da 'ya'yana a ɗakinta ranar.

Abin da ya warkar da ni bai zo dare ɗaya ba. Kullum da asuba nakan zauna kan tabarma in karanta Filibiyawa 4:6-7 a cikin Littafi Mai Tsarki, inda Manzo Bulus, yana cikin kurkuku, ya gargaɗi masu bi su kai damuwarsu ga Allah cikin addu'a da godiya. Na riƙa ambaton tsorona ɗaya bayan ɗaya a gaban Yesu Almasihu, har na kai ga abin da ya fi yi mini wuya, wato yi wa waɗanda suka cinna wutar addu'a. A ganina, fastocinmu ya kamata su ƙara koyar da gafara, domin daga ranar da na iya yafewa ne barcina ya dawo.

Taku,
Wata mai karatu, Yamai